Neman Sawun Giwa A Lafiyar Barebari

Mutumin da ya bar Abuja da sassafe ya nufi Lafiya, idan Allah Ya tsare shi daga cunkoson Mararraba da Masaka, to, kafin rana ta take tsaka yana cikin gari. Hanyar ta bi ta Keffi, ta ratsa Garaku, ta faɗa Akwanga, daga nan ta karya kudu ta bi gindin duwatsun Eggon. Tun da aka mai da ita tagwaye tafiya ta yi sauƙi ƙwarai, ba kamar dā ba, lokacin da direbobi kan kama salati in sun doshi gangaren nan na tsakanin Akwanga da Nasarawa Eggon, inda manyan motoci masu yawa suka halaka. Ni dai awa uku da 'yan mintoci na yi a hanya, a matse tsakanin wani ɗan kasuwar riɗi da wata malamar asibiti, kowa da damuwarsa.

Abin da ya kai ni shi ne in ga filin jirgin saman da aka gina a Kwandare, a bayan gari, wanda Gwamna Umaru Tanko Al-Makura ya aza harsashinsa, Gwamna Abdullahi Sule ya ƙarasa, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya buɗe cikin watan Fabrairu na 2022. Amma kafin in kai can sai na ci karo da wata tsohuwar jaka a gidan da na sauka, ita ce kuwa ta ja alƙalamin nan zuwa inda ban yi niyya ba.

Bari dai mu fara gaisawa da gari, don ba a shiga gida a tsallake mai gida. Barebari ne suka kafa Lafiya, ƙarƙashin jagorancin Muhammadu Dunama, wanda ya baro ƙasar Barno da jama'arsa fiye da shekara 200 da suka wuce, shi ya sa har gobe ake ce da ita Lafiyar Barebari. Sarkinta na yanzu, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, daga Kotun Ƙoli ya taso ya hau gadon a 2019, bayan rasuwar Alhaji Isa Mustafa Agwai wanda ya riƙe sarautar tun 1974. A zamanin Turawa garin yana cikin Lardin Binuwai, a 1967 ya shiga Jihar Binuwai da Filato, a 1976 ya bi Filato, sa'an nan ran 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya yanke Jihar Nasarawa, Lafiya ta zama hedkwata. In ka shiga kasuwa za ka ji Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani kowa na yi da ɗan'uwansa, amma da an zo ciniki sai Hausa. Arzikin ƙasar kuwa a fili yake, ba sai an faɗa maka ba: doya ce jibge kamar an yi ruwanta, ga buhunan riɗi da agushi, ga ƙurar injinan casar shinkafa.

A gidan wani abokin karatuna na sauka. Mahaifinsa dattijo ne da ya haura tamanin, tsohon ɗan kasuwar doya, kowa Baba Alhaji yake ce masa. Da na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ke tafe da ni, sai ya yi murmushi, ya aiki jikarsa ta ɗauko masa wata jaka daga ƙarƙashin gado. Jakar rataye ce, launinta ya koɗe, zik ɗinta ya mutu tuni, amma tambarin da ke jikinta yana nan raɗau: giwa ce da fukafukai, ta miƙe tana tashi. Ya tambaye ni ko na san ta. Na ce, ranka ya daɗe, a hoto kawai. Gaskiya kuwa na faɗa, domin lokacin da Kamfanin Jiragen Sama na Nijeriya, watau Nigeria Airways, ya daina tashi a 2003, ni ko makarantar sakandare ban gama ba. Mu 'yan wannan zamani labarin giwar muka taras, ba mu taɓa hawanta ba.

Baba Alhaji ya ce da wannan jaka ya sauke farali, ba da daɗewa ba bayan an bar fam da sule an koma Naira. A nan tashar Lafiya ya shiga jirgin ƙasa, ya bi ta Kafanchan da Kaduna da Zariya, ya sauka Kano, ya yi kwanaki a sansanin alhazai kafin a kira sunansa. Ya ce ranar da zai bar gida mata kuka suka yi ta yi kamar an yi mutuwa, kuma ba a ga laifinsu ba, don kuwa abin da ya faru a filin jirgin Kano ran 22 ga Janairu 1973 bai bar zukatan mutane ba. A ranar ne wani jirgi samfurin Boeing 707, wanda Nigeria Airways ya yi shatarsa daga kamfanin ƙasar Jodan domin kwaso alhazai daga Jidda, ya yi hatsari wajen sauka, ya kama da wuta, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. Ikko aka nufa da jirgin, rashin kyawun yanayi ya sa aka karkato da shi Kano. Allah Ya jiƙansu. Duk da haka Baba ya shiga, ya je, ya komo, ya kuma adana jakarsa shekara hamsin.

Da dare ya yi na kasa barci, ina ta juya al'amarin giwar nan a raina. Yawancin waɗanda ke tuna ta, manyan jirage suke tunawa, masu zuwa Landan da New York da Jidda. Kaɗan ne ke tuna cewa kamfanin da ƙanƙanta ya fara, ƙanƙanta ta gaske, kuma a ganina a lokacin ƙanƙantar nan ne ya fi kusa da garuruwa irin Lafiya.

Jirgin sama ya fara taka ƙasar nan ne a 1925, sa'ad da wasu jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka taso daga Masar, suka bi ta Sudan da Maiduguri, suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu Kano daga Hartum. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, Turawan mulki suka kafa kamfani guda domin ƙasashensu huɗu na Afirka ta Yamma, watau Nijeriya da Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, da Saliyo da Gambiya. Sunansa West African Airways Corporation, a taƙaice WAAC, mazauninsa Ikeja, kuma Nijeriya ce ke da kaso mafi tsoka a ciki. Ya fara tashi a 1947 da wani ɗan jirgi ƙirar Ingila mai suna Dove, ma'anar sunan kuwa kurciya. Injinsa biyu, fasinjansa ba su wuce takwas ba, watau abin da motar da ta kawo ni Lafiya ta ɗauko, in an haɗa da direba. Daga baya aka ƙaro wansa mai suna Heron, mai inji huɗu, wanda ke ɗaukar mutum goma sha wani abu, sa'an nan aka kawo DC-3, jakin jiragen sama, wanda yaƙi ya bar dubbansa a duniya, kuma ba ya ƙyamar sauka a filin da ba kwalta.

Da waɗannan 'yan jirage aka ɗinke ƙasar nan. Jirgi ya tashi daga Ikko, ya sauka nan ya ajiye jakar wasiƙu da ma'aikaci ɗaya, ya tashi ya sauka can ya ɗauki likita da ɗan kasuwa, haka har ya dangana da Kaduna da Jos da Kano, wani ya wuce Yola da Maiduguri, wani ya nufi Sakkwato. A zamanin da damina kan yanke hanyar mota mako guda, gada ɗaya in ta karye an raba lardi da lardi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba wai ana cin riba ba ne, a'a, gwamnatocin ne ke cike giɓi, kamar yadda suke biyan kuɗin gidan waya da na asibiti, domin sun ɗauke shi aikin hukuma ne.

Da Gana ta sami mulkin kai a 1957 sai ta ce ita ma tana son nata, ta janye, ta kafa Ghana Airways a 1958. Taron ya watse ke nan. Nijeriya ta gaji abin da ya saura, ta kafa sabon kamfani wanda ya fara aiki ran 1 ga Oktoba 1958, shekara biyu cif kafin mulkin kai. Gwamnati na da kashi 51 cikin ɗari, sauran kuwa na hannun kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster da kamfanin jiragen saman Ingila na lokacin, BOAC. A 1961 Gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Balewa ta saye hannun jarinsu duka. Zuwa Landan dai da jiragen BOAC aka ci gaba da yi, ana haya ana manna musu suna, amma cikin gida namu ne. A 1963 aka kawo jiragen Fokker F27 daga ƙasar Holan, masu farfela biyu da kujeru wajen 40, fukafukansu a saman gangar jiki, har fasinja na iya kallon gonaki da rafuka ba abin da ya tare masa. A shekarar da ta biyo aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, domin 'ya'yan ƙasa su karɓi aikin daga hannun Turawa. Dattawan da suka shiga F27 har yau suna yabonsa. Ba shi da sauri, yana da ƙara, amma yana zuwa, kuma gajeren fili ya ishe shi.

Sai man fetur ya zo, kuɗi suka yi ambaliya, ido ya buɗe. Tun kafin nan ma an ɗanɗana ɗacin manyan jirage, don jirgin VC10 da aka saya daga BOAC a 1969 bai shekara ba ya faɗi kusa da Ikko ran 20 ga Nuwamba, yana tahowa daga Landan ta Rum da Kano, duk mutum 87 da ke ciki suka rasu. Amma ba a ja da baya ba. A 1971 aka tabbatar wa kamfanin da sunan Nigeria Airways a hukumance, aka shiga sayen Boeing 707, aka kawo Fokker F28 mai injin jet da kujeru sittin da 'yan kai domin cikin gida, aka biyo da Boeing 737 da 727. A 1976 DC-10 ya iso, ƙato mai inji uku, wanda ke haɗiye mutum fiye da 250 a tashi ɗaya. Wajen 1984 aka ƙaro Airbus A310 guda huɗu sababbi ful. A ganiyarsa kamfanin na da jirage wajen 30, fentinsu kore da fari, giwa na tashi a jikinsu. Har Makurɗi, maƙwabciyar Lafiya, tana cikin jerin garuruwan da ake sauka. Jigilar alhazai ita kaɗai aiki ce ja wur, don a 1977 maniyyatan Nijeriya sun haura 100,000, abin da ya sa dole kowace shekara a yi hayar jirage daga waje. Ta wannan ƙofa ta haya ce masifa ta sake shigowa ran 11 ga Yuli 1991, sa'ad da wani DC-8 na wani kamfanin Kanada, ɗauke da alhazan da za su Sakkwato, ya kama da wuta jim kaɗan da tashinsa daga Jidda, mutum 261 suka cika. Akwai gidaje a Sakkwato da Kabi da Zamfara da har yanzu ba a ambaton wannan rana sai an yi shiru.

Mai karatu zai ce, to, me ya ci giwa? Amsar ba ɓoyayya ba ce, an sha rubuta ta. Tun 1979 Gwamnatin Janar Obasanjo ta ga alamun ciwo, ta ɗauko Turawan kamfanin KLM na Holan su riƙe ragama shekara biyu, a daidai lokacin da aka ba Indiyawa riƙon jirgin ƙasa. Suka gyara abin da suka gyara, suka tafi, aka koma gidan jiya. Shugabannin kamfanin ana canja su kamar riga, kowace gwamnati da nata. Ma'aikata suka yi yawa har suka haura 8,000 a tsakiyar shekarun 1980, watau ɗaruruwan mutane a kan kowane jirgi guda. Ma'aikatun gwamnati suna tura jami'ansu da takarda maimakon kuɗi, bashi ya yi ta hauhawa. Ana sayar da tikiti fiye da kujeru, har ya zama in an buɗe ƙofa sai a ga manya da manyan riguna sun ruga a guje zuwa gindin jirgi, mai ƙafa shi ke da kujera. Daɗin daɗawa, da aka karya darajar Naira a 1986, sai kamfanin ya zama yana karɓar kuɗinsa da Naira, yana sayen kayan gyara da biyan bashi da dala. A 1987 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya ta dakatar da shi daga asusun da kamfanoni ke biyan junansu, saboda bashi. Wasu jiragen aka kai su gyara Turai aka kasa fanso su.

Wani abin da ba a cika ambata ba, wanda kuwa shi ya fi damuna, shi ne cewa a cikin waɗannan shekaru ne aka rabu da jiragen Fokker. Kafin 1990 babu su a garken, Boeing 737 mai kujeru fiye da 100 ya zama shi ne ƙaramin jirgin kamfanin. Jirgi mai kujera ɗari kuwa ba ya zuwa garin da fasinja talatin ke jira, sai dai ya je da asara, in ya je sau biyu ya daina. Amma a 1989, ana tsakiyar wannan hali, kamfanin ya karɓi sabon DC-10, wanda shi ne na ƙarshe da masana'antar ta ƙera a duniya. Bahaushe ya ce ana ta kai wa yake ta kaya, mu kuwa kayan muka riƙe.

Sauran labarin gajere ne, ba shi da daɗin ji. Sunan kamfanin ya shiga jaridun duniya a 1984, lokacin da aka tsare jirginsa a filin Stansted na Ingila kan yunƙurin sato Alhaji Umaru Dikko a cikin akwati. Ya sake shiga a watan Oktoba 1993, sa'ad da wasu samari huɗu suka karkatar da A310 daga hanyar Abuja zuwa Yamai, suna nuna fushinsu kan soke zaɓen 12 ga Yuni. Da Obasanjo ya komo mulki a 1999, ya sha faɗa da bakinsa cewa jirage wajen talatin ya bari, ya dawo ya tarar da abin da bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Hukumar binciken da ya kafa ƙarƙashin Mai Shari'a Obiora Nwazota ta ba da rahoton ɓacewar kuɗi wajen Naira miliyan dubu 60. A 2003 aka tsai da aiki, a 2004 aka shiga gwanjon kadarori. Ma'aikata kuwa, matuƙa da makanikai da masu sayar da tikiti, suka shiga jiran haƙƙinsu. Har 2018 ana biyan su a gutsure, don a shekarar ce Gwamnati ta saki Naira miliyan dubu 22 da ɗoriya, rabin abin da aka amince za a ba su. Da yawa sun mutu ba su ga ko kwabo daga ciki ba.

Da gari ya waye, bayan na karya da doya da miyar agushi, na tari ɗan acaɓa zuwa Kwandare. A nan ma giwa ba ta bar ni ba, domin abokina cewa ya yi in hau okada. Wannan suna da rabin Nijeriya ke kiran babur ɗin haya da shi, asalinsa sunan kamfanin jirgin sama ne, Okada Air, na Cif Gabriel Igbinedion na Binin, wanda ya raɗa masa sunan garinsu. Yana cikin kamfanonin 'yan kasuwa da suka kunno kai a shekarun 1980, su da Kabo Air na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo a Kano, suka yi ta kwashe fasinjan da Nigeria Airways ya bari a tsaye. Kamfanin Okada ya daɗe da mutuwa, babur ya gaje sunan. Na gaya wa yaron da ya ɗauko ni, ya yi dariya har babur na tangaɗi, ya ce ashe shi ma matuƙin jirgi ne bai sani ba.

Da ka fita daga gari gidaje sukan fara ja da baya, gonaki su matso. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai jan turɓaya, ga kunyoyin doya jere kamar an auna da igiya, ga rogo, ga itatuwan mangwaro da kashu nan da can. Can sai ga shinge, ga hasumiya ta tsaya ita kaɗai a sarari, ga ginin saukar fasinja. Ban shiga ciki ba, kuma laifina ne, don ban nemi izini tun daga ofis ba, filin jirgi kuwa ba kasuwa ba ne da za a faɗa masa haka kawai. Na sami inuwa a gefe na zauna. An yi filin ne da sunan na ɗaukar kaya, kuma a 2023, cikin filaye 15 da Gwamnatin Tarayya ta raɗa wa sunayen manyan mutane, shi aka ba sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Na yi wajen awa biyu a wurin ban yi sa'ar ganin jirgi ba, sai shirwa guda da ke ta shawagi a bisa. Wani manomi da ke gyaran kunya kusa da ni ya ce shi ba ya bukatar ɗaga kai, in ya ji jiniya ya ga jerin motoci sun wuce, ya san yau akwai baƙi daga sama.

A zaunen nan na yi ta lissafi irin na ɗan jarida, wanda ba ya cika aljihu. Doya ba ta hawa jirgin sama. Nauyinta ya fi kuɗinta, kafin ta kai Landan ta sama kuɗin dako ya ninka na saye. Riɗin Nasarawa da ake yabo a Japan da Turkiyya ta jirgin ruwa yake tafiya, kuma zai ci gaba da tafiya ta nan. Abin da ya dace da doya da riɗi shi ne dogon nan da ya ratsa tsakiyar Lafiya, wanda ya taso daga Fatakwal ya haye Binuwai a Makurɗi ya nufi Kafanchan, wanda Baba Alhaji ya bi zuwa Kano. Jirgin sama kayan da ba su da nauyi yake so, masu tsada, masu saurin lalacewa, irin ɗanyen kayan lambu da furanni, su kuwa sai an tanadi ɗakunan sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa da masu saye a can ƙetare tun kafin a shuka. Ban ce ba za a iya ba. Kenya da Habasha sun yi da furanni. Amma aiki ne na shekaru, ba a gama shi ranar yanke ƙyalle.

Fasinja fa? Ba mai hankalin da zai hau jirgi daga Lafiya zuwa Abuja, tafiyar awa uku a mota. Amma mai zuwa Ikko ko Kano ko Fatakwal, wanda sai ya ratsa Abuja gaba ɗaya kafin ya kai filin jirginta, ya kashe yini guda, shi kam yana da bukata. Akwai malaman Jami'ar Tarayya da aka kafa a garin a 2011, akwai 'yan kasuwa, akwai masu haƙar ma'adinai da suka cika jihar, akwai marasa lafiya. Ba za su cika kujera 150 kullum ba. Za su iya cika 40, sau uku a mako, musamman in jirgin zai taɓa Makurɗi ko Jos ya ƙara wasu. Watau dai abin da Lafiya ke bukata shi ne F27, ko jikansa na wannan zamani, da kuma kamfanin da zai yarda ya kawo shi ko da ribar ba ta taka kara ta karya ba. Ɗan kasuwa ba zai yi wannan ba, kuma ban ga laifinsa ba, bashin banki ne a wuyansa, dole ya bi Ikko da Abuja inda kujeru ke cika. Kamfanin ƙasa ne ke yin irin wannan aiki, shi kuwa ya mutu shekara 19 kafin a buɗe filin Kwandare. An haƙa rijiya bayan an sayar da guga.

Maƙwabtanmu na Nijar sun taɓa riƙe irin wannan ɗan kamfani, Air Niger, wanda aka kafa a 1966, yana haɗa Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas da 'yan jirage masu farfela, tafiya mai nisa kuwa aka bar wa Air Afrique, na haɗin gwiwar ƙasashe renon Faransa. Shi ma bai tsira ba, ya rufe a 1993, Air Afrique ya bi shi a 2002, na Gana ma ya bi sahu ba da jimawa ba. Saboda haka ƙanƙanta kaɗai ba magani ba ce, kada a ce na faɗa. Amma a dubi Habasha. Kamfaninsu ya fara tashi a 1946 da tsofaffin jiragen yaƙi biyar irin DC-3, sa'an WAAC ne. Yau shi ne mafi girma a Afirka, yana zuwa Sin da Amurka da Brazil, amma bai yar da ƙananan jirage masu farfela ba, da su yake zuwa garuruwan kan dutse irin Lalibela da Gondar. Na gwamnati ne ɗari bisa ɗari, sai dai gwamnatocinsu, na sarki da na soja da na farar hula, sun bar masana aikin suna tafiyar da shi, minista ma in zai hau sai ya biya.

Mu kuwa tun da giwa ta faɗi muke ta neman magajinta, kuma kullum daga sama muke farawa. An yi Virgin Nigeria da haɗin gwiwar Turawan Ingila, ya fara tashi a 2005, aka yi rigima, suka janye, aka canja suna sau biyu, ya mutu a 2012 yana Air Nigeria. A watan Yuli 2018 Ƙaramin Ministan Jiragen Sama Hadi Sirika ya je bikin baje kolin jirage na Farnborough a Ingila ya nuna suna da tambarin Nigeria Air. Ran 26 ga Mayu 2023, saura kwana uku gwamnati ta sauka, aka ga jirgi ɗaya da wannan fenti a filin Abuja, aka yi hotuna, daga baya ta bayyana na kamfanin Habasha ne, ya kuma koma gidansu. A watan Agusta 2024 Babbar Kotun Tarayya a Ikko ta soke yarjejeniyar. Cikin duk wannan kai da kawowa an yi ta maganar Landan da Dubai da New York. Ni dai ban ji wanda ya ambaci Lafiya ba, ko Gusau, ko Jalingo, ko Damaturu, alhali jihohi sai gina filaye suke yi ɗaya bayan ɗaya. Akwa Ibom ce ta gaji da jira ta kafa nata kamfanin, Ibom Air, a 2019, ta fara da matsakaitan jirage, ga shi kuwa yana tafiya.

Rana ta fara zafi, ɗan acaɓana ya fara duban agogon wayarsa, muka juyo. A hanya muka wuce wata akori-kura ta yi lodin doya har ta rina, yara biyu zaune a bisa, ta nufi gari tana nishi.

Da la'asar na koma na tarar da Baba Alhaji a zaure yana jan carbi. Ya ce, ɗana, ka ga jirgin? Na ce, Baba, ban gani ba, sai dai fili. Ya gyaɗa kai, ya ce shi ma jikokinsa sun kai shi ya gani daga bakin shinge, kuma da a ce yana da sauran ƙarfi da ya so ya tashi zuwa Makka daga ƙofar gidansa, ko sau ɗaya. Na roƙe shi ya bar ni in ɗauki hoton jakar, ya yarda, amma ya ce in dakata a kwashe abin da ke ciki tukuna. Jikarsa ta zazzage ta a kan tabarma: takardun gonaki ne, da rasiɗan haraji na zamanin En'e, da tsohon fasfo mai hotonsa yana saurayi, gemu baƙi wuluk. Na ɗauki hotona, ta mai da kome ciki ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure bakin jakar da tsumma, ta kai ta ƙarƙashin gado.